Tsatsa ta cinye ƙasan Fijo 504 da na gada: a yanke a sake, ko a nemo wani bodin?

Ɗan Tudun Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin bodin mota a wannan zaure, domin maganganun da nake ji a gareji sun saɓa wa juna har na rasa wadda zan riƙa.

Motar da nake magana a kanta Peugeot 504 ce salun, haɗin Kaduna, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, ya saya sabuwa fil a 1984. Ya yi kusan shekara 30 yana hawanta, da ita aka kai mu makaranta, da ita aka ɗauko amaren gidanmu, sannan da ƙarfinsa ya ragu aka ajiye ta a bayan gida a Zariya, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, inda ta shekara 11 ba a motsa ta ba. Da aka zo rabon gado har 'yan gwangwan sun taya ta, ni kuwa na roƙi 'yan'uwana a sanya ta cikin kasona, suka yi mini dariya suka amince.

Injin bai ba ni wahala ba. Irin mai cc 1971 ɗin nan ne, kuma da bakanike ya wanke kafireto, ya sauya mai da fulogi, ya ɗora sabon batir, sai ya tashi kamar jiya aka kashe shi. Damuwata bodin ne. Da na ɗaga kafet ɗin gefen direba na tarar da shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa a jiƙe sharkaf, alhali damina ta wuce da wata biyu, kuma da na danna sukudireba a daɓen motar sai ta wuce ta ƙasa kamar na soki gurasa. Dokin ƙofa na hagu, wato dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya, idan aka ƙwanƙwasa shi da guduma sai tsatsa ta riƙa zubowa kamar ɓawon gyaɗa. Da muka sa jak a wurinsa domin mu cire taya, ƙarfen ne ya lotsa, motar ba ta ɗagu ba. Ƙofar direba ta sauka, sai an ɗaga ta da hannu kafin ta rufu. Mazaunin batir ya rube gaba ɗaya. Rufin sama, da bonet, da ginshiƙan da ke riƙe da rufin, da gefen dama, duk ban ga wata babbar matsala a jikinsu ba.

Masu gyaran bodi biyu na gani. Na farko ya ce zai yanke daɓen duka da dokin ƙofa na hagu da na dama a rana ɗaya, ya kawo ƙarfen durom ya liƙa da waldar gas, ya shafe da bodi fila, cikin mako biyu in zo in ɗauki mota. Na biyu ya ce kada in ɓata kuɗina, in nemo wani bodin mai lafiya, a mayar da injin da giya da kujeru da lambar motar mahaifina a kansa. Ni dai ba sayarwa zan yi ba, so nake in hau ta da iyalina har Kano da Katsina ba tare da fargaba ba. Wanne ne daidai a cikin biyun, kuma idan duk ba daidai ba ne, ta ina ake farawa?

Baba Mai Guduma

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka gama da wannan aiki lafiya. Na fi shekara 40 ina gyaran bodi a Kaduna, kuma Fijo 504 ita ce motar da na koyi sana'a a kanta, saboda tun da kamfanin da ke Kakuri ya fara haɗa motoci a 1975 ita ce ta cika gari, daga ma'aikatun gwamnati har tasha.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne cewa wannan mota ba ta da shasi daban irin na babbar mota ko tsohuwar Land Rover, inda ake iya ɗage bodi a ajiye gefe ƙarfen ƙasa yana nan daram. A jikin 504 salun bodin shi ne shasin. Daɓe, da dokin ƙofa, da ginshiƙai, da rufi, da ƙafafun shasin da aka yi musu walda a ƙarƙashin daɓen, su ne suka haɗu suka riƙe juna. Ka ɗauki kwalin ashana da babu komai a ciki ka murɗa shi, za ka ji yana da ɗan ƙarfi. Ka yage gefensa biyu ka sake murɗawa, za ka ga abin da zai faru da motarka ranar da aka yanke hagu da dama lokaci guda. Tsakiyarta za ta sauka, bakin ƙofofi zai tsuke ta sama, kuma idan mai walda ya liƙa sabon ƙarfe a wannan hali, to ya ɗaure karkatar ke nan har abada. Saukar da ƙofar direba ta yi alama ce cewa motar ta riga ta fara lanƙwasa a gefen hagu, ko da yake ka fara duba fatar ƙofar, wato ƙarfen da ƙofar ke rataye a kansa tana juyawa, domin wani lokaci ƙusar cikinta ce kawai ta cinye.

Ga yadda nake yi idan irin wannan aiki ya zo hannuna. A fara kwashe komai na ciki, kujeru da kafet da wayoyin da suka bi ta daɓe, a cire batir, a sauke tankin mai da bututun mai da na birki da suka bi ta ƙasa. Kada ka yarda da wanda zai ce maka tankin ba komai a ciki. Tankin da ya bushe ya fi cikakke haɗari, saboda tururin fetur ne ke kamawa. Sannan a kankare ƙasan motar da buroshin waya har a ga farin ƙarfe, domin tsatsar da ido ke gani kullum ba ta kai wadda ke ɓoye ba. Dokin ƙofa akwati ne rufaffe, yana da ƙananan ramuka a ƙasansa da ruwa ke fita. Idan laka da ganyen mangwaro suka toshe su, ruwa ya kwanta a ciki, tsatsa daga ciki take fara ci, sai ta gama sannan ta ɓullo waje kamar ƙuraje a ƙarƙashin fenti. Saboda haka gefen daman da ka ce lafiya yake, ka ɗan huda shi ka leƙa da tocila kafin ka ba shi shaida.

Bayan nan a ɗora motar a kan tsayayyun ƙarafa a daɓen siminti, ba a kan tayoyi ko bulo a cikin yashi ba, a daidaita ta har ƙofofi su riƙa rufuwa da yatsa ɗaya, tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi ta zama iri ɗaya sama da ƙasa, kamar milimita 4 zuwa 5. Sai a kawo bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, na inci ɗaya, a ɗana shi da walda a bakin kowace ƙofa daga ginshiƙin gaba zuwa na tsakiya zuwa na baya, a gitta wani daga hagu zuwa dama, a ƙara wani a karkace. Ni ba na cire ƙofofi sai dole, domin ƙofa ita ce ma'aunina: duk lokacin da na ɗana sabon ƙarfe sai na rufe ta na buɗe kafin in ci gaba.

Sai yanka, kuma gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan. Ba a kama ƙarfe da wuta a yi ta ƙonawa. Kamfani ya haɗa sassan nan ne da ɗige-ɗigen walda, za ka gan su jere kamar sawun ƙusa idan ka kankare fenti a bakin ƙarfen; a bi su ɗaya bayan ɗaya da abin huda mai milimita 8, a huda ƙarfen sama kawai, sannan a sa siririn kurfi a raba. Ta haka leɓen ƙarfen da ke ƙasa zai rage lafiya, kuma a kansa sabon zai zauna. A fara da ƙarfen ciki na dokin ƙofa da mazaunin jak da gindin ginshiƙai, sannan daɓe, sannan fatar waje a ƙarshe. Masu gaggawa fatar waje kawai suke sauyawa su rufe ruɓaɓɓen ciki, mota ta fito tana ƙyalli, ranar da aka buge ta a gefe ta naɗe kamar tabarma.

Maganar ƙarfen durom da mako biyu kuwa, ba zan zagi abokin sana'a ba, amma wannan gyaran motar haya ne da ake so ta ƙara shekara ɗaya a hanya. Wanda zai yi maka aikin da kake so zai riƙe motar wata biyu ko uku, kuma zai bar ka ka zo ka ga ƙarfen tsirara kafin ya shafa masa komai.

Tsohon Direban Tasha

Malam Ɗan Tudun Wada, duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, amma ni ina ganin mai gyara na biyu bai yi laifi ba. Na yi shekara 19 ina jan 504 wagon tsakanin Kano da Jos, kuma abin da na gani shi ne, motar da aka taɓa yanke ƙasanta ba ta komawa yadda take, sai ka ji tana kuka a kan gargada, tana cin taya ta gefe ɗaya. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, wato akwai bodin da ya fi naka ƙuruciya da shekara 20, yana nan a bayan gidajen mutane da garejin ma'aikatu. Kuɗin da za ka kashe a walda da ƙarfe da zirga-zirgar wata uku zai iya sayo maka irinsa, ka huta. Ƙarfe ƙarfe ne, ɗan'uwa. Sitiyarin da mahaifinka ya riƙe da kujerar da ya zauna ai za ka iya mayar da su.

Malamin Makaranta

Ina roƙon Alhaji direba ya yi mini afuwa, domin a nan kam na saɓa masa, kuma ba da ka nake magana ba, abin ya faru da ni. Shekarun baya na sauya wa wata tsohuwar motata bodi, mai gyara ya ɓamɓare ƙaramin farantin kamfani daga tsohon ya manna a sabon, muka ɗauka shi ke nan. Ashe ban da farantin akwai lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen kansa a ɗakin inji. Wata rana a wani shingen bincike jami'i ya buɗe bonet, ya goge wurin da tsumma, ya ga lambar ƙarfe daban, ta takarda daban. Na kwana biyu ina neman wanda ya sayar mini da bodin domin ya zo ya yi shaida cewa ba na sata ba ne, kuma da ƙyar na same shi don ko rasit ban karɓa ba.

A idon hukuma lambar shasi ita ce motar. Idan ka sayi wani bodi ka zuba masa injin mahaifinka, to wata motar ka saya, kuma da takardunta ya kamata ta yi yawo, a je ofishin lasisi a gyara lambar inji. Yanke lamba daga wani bodi a dasa a wani kuwa shi ne ainihin aikin da ɓarayin mota ke yi, ba wanda zai tsaya sauraron cewa kai gado ka ci. Ko da guntun bodi za ka saya don ka yanki sassa, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar shasinsa da sunan mai sayarwa. Idan kuma tsatsa ta kusa wurin da lambarka take, ka ɗauki hotonta tun yanzu, ka gargaɗi mai walda kada wuta ko injin gurza ya kusance ta.

Mutumin Maraɗi

Gaisuwa ga jama'a, da ta'aziyya ga mai tambaya. Ni dillancin kayan tsofaffin motoci nake yi, saboda haka zan tsaya a kan inda za a samo ƙarfen, tun da Baba ya gama bayanin yadda za a sa shi.

Hanya mafi kyau a ganina tana tsakanin maganar Baba da ta Alhaji direba: ka riƙe bodin mahaifinka, amma ka sayi wata matacciyar 504 salun wadda ta yi hatsari ta gaba ko ta sama, ƙasanta kuwa yana da lafiya, ka yanko daɓe da dokin ƙofa daga jikinta. Daɓen da kamfani ya buga yana da ƙwarin da aka matsa a jikinsa, waɗannan layuka masu tudu da kwari, kuma su ne ke hana shi rawa da ƙara. Shimfiɗaɗɗen ƙarfen da aka yanko daga kasuwa ba zai yi wannan ƙarfi ba sai mai gyaran ya zauna ya fitar masa da layukan da guduma. Idan za a yanko, a yanko da faɗi, a bar kamar tafin hannu fiye da abin da ake bukata, a je gida a rage a natse. A Kaduna ka leƙa Panteka, a Kano ka leƙa Ƙofar Ruwa, mu kuma nan akwai su a Maraɗi da Damagaram, da kasuwar Katako ta Yamai.

Sai dai akwai abin da mutanen Najeriya ke yawan ruɗuwa a kansa. Suna cewa motar Nijar ba ta tsatsa saboda ƙasarmu busasshiya ce. Wadda ta yi rayuwarta duka a nan, haka ne. Amma da yawa daga cikin 504 ɗinmu tsofaffi ne suka zo daga Faransa, Turawa suka riƙa koro su ta hamada a shekarun 1970 da 1980, su bi ta Tamanrasset su shigo ta Assamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko su wuce gaba. Waɗannan sun sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi kafin su zo, kuma na sha yanka wadda fentinta ke da kyau in tarar da cikin dokin ƙofarta ya zama gari. Saboda haka kada sunan gari ya sa ka saya. Ka sa guduma da tocila.

Ka kuma kula da irin motar. Tsakanin tayar gaba da ta baya a salun mita 2.74 ne, a wagon kuwa mita 2.90, don haka daga ginshiƙin tsakiya zuwa baya ba sa shiga juna: daɓen baya daban, ƙofofin baya daban, tsawon dokin ƙofa daban. Kayan gaba kamar fenda da bonet galibi suna hawa, kuma fendar gaba da noti aka ɗaure ta, ba ta bukatar walda. Ko a cikin salun ɗin ma ƙafar baya iri biyu ce, akwai wadda kowace taya ke motsi ita kaɗai, akwai mai gindi guda ɗaya miƙaƙƙe, kuma wuraren da suke kama bodi ba ɗaya ba ne, saboda haka ka kwanta ƙarƙashin taka ka duba kafin ka tafi kasuwa. Ƙofofin motocin farko-farko hannunsu a waje yake, na waɗanda aka ƙera daga baya kuma a nutse cikin ƙofa. Ka tafi da ma'auni da hotuna a wayarka.

Injiniya Mai Awo

Baba ya yi bayanin da ba a samu a aji, ni dai zan ƙara abu biyu, awo da walda, domin a nan ne na ga aikin mutane masu kyakkyawar niyya yake lalacewa.

Tazarar ƙofa tana nuna maka lafiyar tsakiyar mota, amma ba ta gaya maka ko ƙafafu huɗu suna inda ya kamata. Tun da mazaunin batir ya rube, ruwan batir ya daɗe yana zuba a wannan kusurwa, kuma ƙasa da shi kaɗan ƙafar shasi ta gaba take, kusa da shi kuma gidan shokazoba, wanda nauyin gaban motar duka yake rataye a kansa. Idan ɗayansu ya ci, matsalarsa ta fi ta daɓe girma. Gwajin ba ya bukatar na'ura mai tsada. Bayan an daidaita motar da tiyon ruwa irin na magina, a ɗaura ƙaramin ƙarfe mai tsini a zare, a sako shi daga wurare masu aure a hagu da dama, kamar notin da ke riƙe ƙafar gaba da na ƙafar baya, a ɗiga alama a siminti. Sai a auna daga alamar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, a kuma auna daga gaba ta dama zuwa baya ta hagu. Idan bambancin awon biyu bai wuce milimita 3 ba, motar a miƙe take. Idan ya kai santimita guda, sai an ja ta ta dawo kafin a ɗana ko ƙarfe ɗaya. A rubuta awon a bango, a riƙa maimaita shi bayan kowane babban mataki. Kukan da Alhaji direba ya ce yana ji da cin taya ta gefe ɗaya, galibi daga rashin wannan awo suke zuwa, ba daga yankan kansa ba.

Game da kaurin ƙarfe, kada a yi ƙiyasi, a yanki guntun tsohon daga inda bai ci ba a auna. Fatar waje da daɓe a motocin wancan zamani ba su cika wuce milimita 1 ba, sassan da ke ɗaukar nauyi kamar ƙafar shasi da mazaunin jak kuma sukan kai 1.5 zuwa 2. Ƙara kauri fiye da na asali ba ƙarin ƙarfi ba ne kullum, domin inda mai kauri ya haɗu da siriri nan tsagewa ke farawa. A guji kwanon rufi da duk ƙarfen da aka yi wa rufin zinki, saboda waldarsa ba ta kamawa da kyau, hayaƙinsa kuma yana sa zazzaɓi.

Waldar lantarki ta sanda, irin ta masu ƙofa da taga, huda siririn ƙarfe take yi. Waldar gas tana yi, amma zafinta yana bazuwa da faɗi, ƙarfe ya kumbura ya murɗe, shi ya sa ake cika shi da fila daga baya. Abin da ya fi dacewa shi ne injin MIG, mai turo siririyar waya ta milimita 0.6 ko 0.8 tare da iskar da ke kare waldar, kuma yanzu ana samunsa a manyan garuruwanmu. Inda kamfani ya yi ɗigon walda, a huda sabon ƙarfen, a matse shi da na ƙasa, a cike ramin da walda, a bar tazara irin ta asali. Inda za a haɗa faci a tsakiyar daɓe, a haɗa baki da baki, kada a ɗora wani kan wani, domin tsakanin ƙarfe biyu nan ruwa ke maƙalewa. A riƙa ɗigawa nan da can ana bari yana hucewa. Abin da ba zan yarda da shi ba sam shi ne liƙi da jan ƙarfe ko farin tagulla a wurin da ke ɗaukar nauyi, ko kusa da notin bel ɗin kujera. Wannan liƙi ne kamar na gam, bai narkar da ƙarfen biyu sun zama ɗaya ba.

Idan an gama, a shafa firaima mai kama ƙarfe tsirara, irin ta epoxy, a bi duk layin walda da abin toshe haɗi, sannan fenti. Fila ta gyaran fuska ce, kaurinta kada ya wuce milimita 2 ko 3. Ka riƙa yawo da ƙaramin maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa ka tambayi dalili. Bayan fenti a fesa kakin hana tsatsa a cikin dokin ƙofa da ƙafafun shasi, a tabbatar ramukan fitar ruwa a buɗe suke. Kuma a sauya robar gilashin gaba da ta ƙofofi, domin ruwan da ya jiƙa kafet ɗin nan daga sama ya shigo, ba daga ƙasa ba.

Baba Mai Guduma

Injiniya, na yarda da awonka ɗari bisa ɗari, kuma zaren nan da ka ambata da shi maigidana ya koya mini. Amma kada ka sa yaron nan ya raina waldar gas. Kafin injin waya ya zo garin nan da gas muka yi duk aikin da ake yabo, kuma wanda ya iya, yana ɗiga walda yana bin ta da guduma da ƙarfen tokare tun tana ja, sai haɗin ya kwanta sumul har ba ya bukatar fila. Na ga kuma yaran da suka sayi injin waya suna ɗora walda kamar kashin kaza a saman ƙarfe, ba ta ratsa ba, ka sa kurfi ta ɓalle. Ɗana, ga gwajin da za ka yi wa duk wanda za ka ba aikin, ko da wane irin inji yake: ka ba shi guntaye biyu na siririn ƙarfe ya haɗa a gabanka, ka sa a matsi ka yi ta lanƙwasawa har ya rabu. Idan ƙarfen ne ya yage ya bar waldar, ba shi motarka. Idan waldar ce ta saki, yi masa sallama cikin mutunci. Kakin da Injiniya ya faɗa kuma idan bai samu ba, mu baƙin mai muke haɗawa da ɗan giris mu ɗura, sai dai yana ɗiga a tsakar gida kwana biyu, uwargida za ta yi magana.

Ɗan Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Baba, da Injiniya, da sauran iyaye da 'yan'uwa. Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana tara ne domin in aikata abin da kuka ce kafin in dawo.

Mun ja motar zuwa wani shago mai daɓen siminti, mun kwashe cikinta, mun sauke tanki. Maganar Baba ta tabbata a gefen dama: da na huda na haska tocila, ƙarfen ciki ya ci daga ginshiƙin tsakiya zuwa baya, duk da fentin waje ko ƙurji babu. Ƙusar fatar ƙofar direba ta cinye, amma ko da muka sauya ta ƙofar ba ta daina gogar ƙasa ba, sai da muka tokare tsakiyar motar da jak ta ɗagu kaɗan sannan ta rufu da yatsa ɗaya. Awon zare ya ba mu bambancin milimita 4, wanda nake fata Injiniya zai gaya mini ko a bar shi ko a ja. Gidan shokazoba na hagu da na dama lafiya suke, ƙafar shasi kuma a ƙarƙashin batir ta ci kamar faɗin yatsu uku a samanta kawai. Lambar shasi tana nan a fili, ta dace da takardun mahaifina, na ɗauki hotonta kamar yadda Malam ya ce.

Alhaji direba, na auna shawararka sosai, har na je na ga wani bodi a Samaru, amma na kasa. A ƙarƙashin kujerar baya na tsinci tsohuwar hular makarantar ƙanwata da kwabbai uku, na san cewa wannan bodin nake so, ko da zai fi tsada. Na dai ɗauki rabin maganarka ta hanyar mutumin Maraɗi: na samu wata salun a Panteka wadda tirela ta murƙushe rufinta, ƙafar bayanta irin tawa ce, daɓenta da dokin ƙofarta na hagu suna da kyau, na dama ne sai an ƙera sabo. Na biya, na karɓi rasit da lambarta.

Masu walda uku na yi wa gwajin Baba. Biyu waldarsu ta saki, ɗaya har ya ji haushi ya ce ban yarda da shi ba. Na ukun dattijo ne mai aiki da gas, ƙarfen ya yage waldarsa na nan, kuma tun kafin in yi maganar tokare ƙofofi shi ya fara tambayata ko na sayo bututun. Ranar Asabar za mu ɗana su, mu fara da gefen hagu. Tambayar da ta rage mini, Baba, ita ce facin nan na ƙafar shasi: a yi shi tun injin yana ciki, ko sai an sauke inji da giya tukuna, tun da nauyinsu a kanta yake?